Rauta ko zarto: amsa ga kafintan da ke son ƙera allon hawa igiyar teku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Legas, kujeru da ƙofofi nake yi. Na ga samari suna hawa igiyar ruwa da allo a Tarkwa Bay, kuma allunan da na gani a hannunsu tsofaffi ne da aka shigo da su daga waje. Ina so in koyi ƙerawa. Ina da rauta, kuma na ga masu sana'ar a bidiyo suna fitar da siffar allo da ita cikin ɗan lokaci. Da ita zan fara? Me ya kamata in fara koya?

Wa alaikumus salam, Malam. Ana yanke kewayen allo da rauta, wato injin kafinta mai bakin ƙarfe da ke juyawa yana yanka, kuma idan an shirya mata yadda ya kamata yankan yana fita tas, gefe a tsaye cak, dama da hagu daidai wa daida. Amma ba da ita za ka fara ba. Rauta ba ta fitar da layi, bin layi take yi. Kamar tela ne da fatan ɗinsa: in fatan ya karkace, almakashi komai kaifinsa karkatacciyar riga zai fitar. Duk wani ƙulu ko miƙewa da ke gefen fatan ɗinka sai rauta ta sauke shi a jikin soso, a ɓangarorin nan biyu, kuma cikin ƙiftawar ido. Saboda haka abin da za ka fara koya shi ne fitar da layi mai santsi a kan katako, da horar da idonka ya gane shi.

Allon zamani soso ne mai tauri, da siririn katako da aka manna a tsakiyarsa daga hanci zuwa wutsiya a matsayin ƙashin baya, sannan a lulluɓe duka da yadin faiba da rezin. Siffofi huɗu ne ke sa ya yi tafiya ko ya ƙi: kewayen da ake gani idan an jingina shi a bango, lanƙwasar cikinsa, wato fuskar da ke kwanciya a kan ruwa, daga hanci zuwa wutsiya, yadda kauri ya rabu a tsawonsa, da kuma yadda aka fere gefuna. Kewaye shi ne mafi fitowa fili, shi ya sa sabon shiga ya fi damuwa da shi. Lanƙwasar ciki da gefuna su ne ruwa ya fi ji. Na faɗi wannan tun da wuri don kada ka kashe kuɗinka da wata biyu a kan shirin rauta, alhali aikin da za ta ɗauke maka bai wuce na rabin sa'a da zarto ba.

Soso iri biyu ne. Akwai na foliyuretan, wanda Hobie Alter da Gordon Clark suka shiga ƙera alluna da shi a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950. Ana zuba shi a mazubi, ya fito da siffar allo da lanƙwasarsa tun daga masana'anta, ferewa kawai ya rage. Kamfanin Clark Foam ne ya riƙe kasuwarsa shekaru da dama, har ranar 5 ga Disamba 2005 da ya rufe ba zato ba tsammani, masu ƙera allo suka wayi gari ba kayan aiki. Wannan girgizar ce ta tura da yawansu zuwa ga iri na biyu, wato farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake kira EPS, ɗan'uwan wanda ake naɗe firji da talabijin da shi. A Legas shi za ka fi samu, tun da ana amfani da shi a harkar gini, na foliyuretan kuwa sai an shigo da shi kuma kuɗin dako ya fi kuɗin kayan. Amma ka tambayi nauyinsa kafin ka biya. Kana buƙatar mai kilo 24 zuwa 32 a kowace mita kubik. Na rufin ɗaki da na kunshe kaya ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, da yatsa ma kana lotsa shi, kuma ƙwayoyinsa zubewa suke a ƙarƙashin samfefa. Abu na biyu, kuma wannan ba a yi masa gardama: EPS da rezin irin na efoksi kaɗai yake tafiya. Rezin ɗin foliyesta da masu ƙera jiragen ruwa na faiba ke amfani da shi narkar da shi yake yi nan take.

Idan gungumen EPS ka saya, kai za ka fitar da lanƙwasar ciki da kanka. Ka yanka faranti biyu na filawud masu siffar allon idan an kalle shi ta gefe, ka kafa su dama da hagun gungumen, ka ja waya mai zafi a kansu, kai da yaron shago kowa riƙe da ɓangare guda. Sai ka tsaga soson biyu a tsawonsa, ka manna ƙashin baya na filawud mai kauri milimita 4 zuwa 6, ka matse.

Allon farko kada ka yi ɗan ƙaramin nan mai tsinin hanci da zakarun gasa ke hawa. Ka yi mai tsawon ƙafa 7 da inci 2, faɗi inci 22, kauri wajen inci 2 da uku bisa huɗu zuwa 3, hanci zagaye. Irin wannan yana yafe kuskure, kuma masu koyon hawa za su iya amfani da shi, wato akwai mai saye. A wannan sana'a ana auna faɗi a wuri uku: inci 12 daga ƙarshen hanci, wurin da ya fi faɗi, da inci 12 daga ƙarshen wutsiya. A allon da na kwatanta, hanci inci 16 da wutsiya inci 14 ko 14 da rabi za su zauna lafiya, mafi faɗin kuma ya faɗo a tsakiya ko gaba kaɗan. Lanƙwasa kuwa, in ka kife allon ka ɗora miƙaƙƙen katako a tsakiyar cikinsa, hanci ya tashi wajen inci 4 da rabi zuwa 5, wutsiya inci 2 da rabi.

To, fatan. Rabi ake yi, ba duka ba, a zana ɓangare ɗaya a juya a zana ɗayan, shi ke sa gefen biyu su dace. Masu sana'ar sun saba da hadbod irin na Masonite mai milimita 3 saboda yana lanƙwasuwa ya kwanta a cikin allo. Ka samu gefe ɗaya miƙaƙƙe sosai a matsayin layin tsakiya, ka sa alamun awon nan uku, kowanne rabinsa, ka buga ƙananan ƙusoshi a kansu. Sai ka samo doguwar tsaga ta katako, siririya, marar gaɓa, ka tanƙwara ta a jikin ƙusoshin. Itace da kansa yake neman hanyar da ta fi sauƙi, kuma layin da zai ba ka ya fi wanda hannu zai zana. Idan ka ga sai ka tilasta shi kafin ya taɓa wata ƙusa, to ƙusar ce ba ta zauna daidai ba, ka matsar da ita. Lamba ba ta fi layi ba. Gara wutsiya ta fito inci 14 da kwata da layi mai gudana, da ta fito 14 cif da karaya a jiki.

Akwai hanyoyi biyu da suka fi wannan sauri. Ka roƙi aron allon da masu hawa suka yaba, ka kwantar da shi a kan hadbod, ka bi gefensa da sikwaya kana sa ɗigo-ɗigo, sannan ka haɗe ɗigon da tsagar. Ko ka zana a kwamfuta da manhaja irin BoardCAD, wadda kyauta ce, ka kai wurin masu buga zanen gini su fitar maka da shi da cikakken girmansa, ka manna a kan hadbod. Kwafar allo don koyo ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara. Amma in mai ƙera shi yana raye kuma za ka riƙa sayarwa, mutunci ne ka nemi izininsa.

Ka yanka da jigso a wajen layi, ka bar milimita 2, sannan aikin gaske ya fara. Ka manna samfefa a jikin katako mai tsawon ƙafa biyu, ka riƙa goga gefen fatan da dogon ja, kana tafiya da ƙafarka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ɗan guntun katako da goga wuri ɗaya shi ke haƙa rami. Bayan kowane ja biyu ko uku, ka ɗaga fatan ɗin zuwa idonka ka leƙa tsawon gefen daga hanci, sannan ka juya ka leƙa daga wutsiya. A haka ne layin ke taƙaicewa, ƙulu da miƙewa su bayyana. Ka rufe ido ka bi gefen da tafin hannu da sauri, hannu yana jin abin da ido ya tsallake. Wuri biyu ne aka fi yin ɓarna: inda layin hanci ya haɗu da na tsakiya, da kusan ƙafa biyu kafin wutsiya, inda ake yawan samun ɗan ƙugu da ba a yi niyya ba. In fatan ya ci maka yini guda, ba asara ba ne, don za ka yi shekaru kana amfani da shi.

Kafin ka zana a jikin soso, ka fara gyara cikin allon: lanƙwasa ta zauna, dama da hagu su yi daidai da ƙashin baya. Ka sa alamun awo daga tsakiya da sikwaya, ka kwantar da fatan, ka zana da fensir mai laushi, ka juya. Yanka da zarton hannu, a wajen layi da kwatan inci, kana kula da abu ɗaya tak: zarto ya tsaya daidai da sikwaya a kan cikin allon. In ya kwanta ciki, bayan allon, wato fuskar da ake tsayawa a kai, zai fito ya fi cikinsa ƙanƙanta, kuma soson da ya tafi ba ya dawowa. In ma zai karkace, gara ya karkace waje. Daga nan sai ka share ragowar zuwa layi da filen ko dogon katakon samfefar nan, kana duba sikwaya duk bayan taku ɗaya. Wannan sharewar darasi ce babba, domin hannun da ya iya tsayar da gefe a kan layi mai lanƙwasa shi ne zai iya fere gefuna gobe. Rauta tana hana ka wannan darasin.

Bayan allo biyu ko uku, musamman in ka fara samun oda iri ɗaya, sai ka kawo rauta, kuma ga yadda za ka shirya mata. Fatan na milimita 3 ya yi mata sirara, boris ko zoben jagora zai iya zamewa ya hau kansa, bakin ya shige cikin allo. Ka yi wani na milimita 6 ko fiye, wanda har yanzu zai yarda ya bi lanƙwasa, kuma wannan karon cikakke, ɓangare biyu, don ka ɗaura shi sau ɗaya. Soso ba ya ɗaukar matsi, kilam, wato ƙarfen matse katako, lotsa shi zai yi. Ka ɗaure fatan ɗin da ƙananan sukur a jikin ƙashin baya, ka ƙara da salatif mai manne biyu kusa da gefe ko 'yan buhunan yashi. A cikin allo ake ɗora shi, ba a baya ba, don baya yana da doro kuma gindin rauta zai karkace a kai.

Babbar matsalar ita ce tsawon baki. Soson ya kai inci 3 ko fiye, bakunan da kake gyaran gefen fomaika da su kuwa inci ɗaya ne ko ɗaya da rabi. Dogon baki yana so ya zama mai wuyan rabin inci, a cikin babbar rauta, kuma a rage mata gudu in tana da wurin ragewa. Kada ka sa dogon baki mai wuyan kwatan inci a 'yar ƙaramar rautar hannu ɗaya, kuma kada ka zaro wuyan baki daga maƙogwaron injin don ya ƙara tsawo. Ƙarfe ne mai juyi sau dubu ashirin da wani abu a minti, dab da cikinka.

Tsakanin baki mai boris a sama da zoben jagora da ake ɗaurawa a gindin rauta, ni na fi son zobe, saboda yana ba ka damar sauka zurfi a hankali, zagaye biyu ko uku, alhali mai boris sai ka sauke shi duka kafin boris ɗin ya kai fatan. Sai dai zobe yana zuwa da lissafi. In zoben uku bisa huɗu na inci ne, bakin kuma rabin inci, yankan zai fita nesa da fatan da ɗaya bisa takwas a kowane gefe, wato allon zai ƙara faɗin kwatan inci gaba ɗaya. Ko ka rage wannan a jikin fatan tun farko, ko ka san da shi.

Ko da rauta za ka yi, ka fara rage soson da zarto ka bar mata rabin inci. Ƙura za ta ragu, bakin ba zai shaƙe ba. Ka zagaya akasin tafiyar agogo, fatan yana hannunka na hagu, a haka juyin bakin yake jan injin zuwa jikin fatan. In ka bi ɗaya hanyar, guduwa za ta yi da kai. Rabin gindin rautar yana kan fatan, rabi yana lilo a iska, kuma karkacewar da ba ta kai a gani ba a sama tana zama babban rami a ƙarshen baki mai inci 3. Maganinsa ka sauya gindin da faffaɗan faranti na filawud ko roba mai tauri wanda ya miƙe zuwa tsakiyar allo, nauyin hannunka yana can ciki. Kada ka tsaya wuri ɗaya, musamman a EPS: zafi yana narka shi, ya manne a bakin, daga nan kuma yaga ake ba yanka ba. Ƙarshen hanci da na wutsiya, inda ƙashin baya ya fito, ka bar su wa zarto. Bakin da ke tafiya cikin laushi ya ci karo da katako fizga yake, ya ɓalle hancin.

Inda rautarka za ta yi maka rana tun daga allon farko kuwa wuri uku ne. Na ɗaya, kwafar fatan: da zarar ka samu layi mai kyau, ka sauke shi a kan wani hadbod da baki mai boris, ka ajiye na asalin kada ya ci duka. Na biyu, ramukan fukafukai, wato 'yan farantan da ake kafawa a cikin allo kusa da wutsiya don ya riƙe hanya a ruwa. Akwatunan da ake cusa fukafukai a ciki, na kamfanin FCS da na Futures, dukkansu da rauta ake haƙa musu wuri, kowanne da farantin jagorarsa, kuma a nan hannu ba ya kamo ta. Tsarin fukafukai uku da Simon Anderson ɗan Ostireliya ya ci gasar Bells Beach da shi a 1981 shi ne aka fi yi har yau, kuma yana buƙatar ramuka uku masu kusurwa daidai. A allon farko fiffike ɗaya a tsakiya ma ya isa. Na uku shi ne allon katako, wanda ina ganin kafinta irinka bai kamata ya raina ba. Mutanen Hawai na dā da itace suke sassaƙa nasu, har da siriri marar fiffike da ake kira alaia, wanda Tom Wegener ya farfaɗo da shi a Ostireliya a shekarun 2000 da itacen folaniya. A gaɓar tekunmu ma abin ba baƙo ba ne: a shekarun 1830 wani Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna shiga teku da alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, igiya tana dawo da su. Kana da obeche a kasuwar katako, wanda a Gana ake ce wa wawa, mai sauƙin nauyi da sauƙin fere. Falanki mai kaurin inci ɗaya ko ƙasa da haka, a shimfiɗe, ba lanƙwasa, ba dogon baki: aikin rauta ne da ka riga ka sani. Sai dai obeche ba ya jure ruwa, dole a rufe shi sosai da mai ko banish, kuma hawan alaia a tsaye yana da wuya. Ɗan gajere na kwanciya a ciki ya fi dacewa da yara.

Sauran aikin sosai na filen ne. Tsofaffin masu sana'ar suna ji da Skil 100, wanda an daɗe da daina yin sa, amma filen ɗin lantarkin da ke shagonka zai yi in ka koyi sarrafa zurfinsa kana tafiya, a EPS ma samfefa mai kaushi a dogon katako tana yin aiki da yawa. Gefuna ba a zagaye su kai tsaye. Ana fere su fuska-fuska, kowace fuska daga hanci zuwa wutsiya, ana ƙirga ja a dama a maimaita a hagu, sai a ƙarshe a haɗe fuskokin da samfefa mai laushi. Daga hanci zuwa tsakiya gefen ƙasa yana da taushi, daga gaban fukafukai zuwa wutsiya kuma sai ya yi kaifi don ruwa ya saki allon. Duk wannan ba ya ganuwa a hasken rana ko ƙwan rufi, farin soso shanye haske yake. Ka keɓe ɗaki, ka shafa wa bango shuɗi mai duhu, ka kafa dogayen ƙwayaye biyu dama da hagu, sama kaɗan da tsayin allon a kan marikinsa, da katanga a samansu don kada su shiga idonka. Inuwa ce ke nuna maka tudu da kwari.

Lulluɓi kuwa sana'a ce mai zaman kanta, ga kaɗan da zai tsare ka daga asara. Yadin faiba saƙaƙƙe mai oza 6, ɗaya a ciki biyu a baya, ba tabarmar faiba mai gashi-gashi ta jirgin ruwa ba. Efoksi da awo ake haɗa shi yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ƙara mai busarwa ba ya sa shi sauri, lalata shi yake. Ka shafe soson da ɗan siririn haɗi tukuna don kada ya sha rezin ya yi nauyi. Kuma ka yi aikin da yamma lokacin da zafi ke sauka: EPS cike yake da iska, in rana na hawa sai ya hura ta waje ya cika maka faiba da ƙuraje. Safar hannu dole ce, domin fata tana iya ƙin efoksi bayan yawan taɓawa, kuma in ta ƙi ta ƙi ke nan. Takunkumi mai tace ƙura wajen ferewa, mai tace tururin sinadari wajen rezin, gilashin ido duk lokacin da rauta ke kunne.

In ka gama na farko, ka rubuta awonsa da fensir a jikin ƙashin baya kafin lulluɓi, ka kuma ajiye su a littafi. Ka kai wa samarin Tarkwa Bay su hau, kuma kada ka tambaye su ko ya yi kyau, don kunya za ta sa su ce ya yi. Ka tambaye su ko hanci yana nutsewa wajen sauka, ko yana kama igiya da wuri, ko yana ƙin juyawa. In hanci na nutsewa, lanƙwasar gaba ta yi kaɗan. In yana da nauyin tafiya, ta yi yawa ko kaurin ƙirji ya gaza. A allo na biyu ka sauya abu ɗaya kawai cikin waɗannan, ka bar fatan ɗin yadda yake.